Shafin duba sakamako ya sume ranar da iyaye suka fi buƙatarsa: sabar ce ko kod?

"Assalamu alaikum Malam. Na gina wa wata sakandare mai zaman kanta shafin duba sakamakon jarrabawa da PHP da MySQL, ɗalibanta kusan 1,800. A laftof ɗina komai yana tafiya kamar walƙiya. Amma ranar da aka saki sakamakon zango na biyu, da iyaye suka yi caa a kai, sai shafin ya koma ɗaukar kusan minti guda kafin ya buɗe, can kuma ya fara rubuto musu 'Too many connections'. Ga wasu guda biyu kuma: Ɗanjuma yana fitowa ÆŠanjuma, Baƙo yana fitowa BaÆ™o, sannan duk mai suna irin Asma'u ko Mu'azu rajistarsa ba ta shiga sai na cire alhamzar. Mai makarantar ya ce in ba a gyara ba kafin zango na uku zai nemi wani. Abokina ya ce in bar hostin na haɗaka in kama VPS, wani kuma ya ce MySQL ya tsufa, in koma PostgreSQL. Wanne zan bi?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana tambayar wanne za ka saya ko ina za ka koma, ni kuwa amsata ita ce babu ko ɗaya, aƙalla ba yanzu ba. Ɗalibai 1,800 ba kaya ba ne a wurin MySQL. Ka yi lissafi: in kowane ɗalibi yana ɗaukar darasi 15, zango uku a shekara, layukan makin da za ka tara a shekara guda 81,000 ne kacal. Rumbun bayanan da Facebook ya girma a kansa ba zai yi nishi da wannan ba. In ka kwashi kod ɗin nan yadda yake ka kai VPS, wato sabar haya da ake keɓe maka kai kaɗai, mara lafiya ka sauya wa ɗaki mai faɗi: zai ɗan sha iska, kai ka shiga biyan dala duk wata, zazzaɓin kuma ya dawo ranar sakamakon zango na uku. PostgreSQL rumbu ne mai kyau, ni kaina da shi nake fara sabon aiki in an bar min zaɓi, sai dai tambayar da aka rubuta a karkace, a karkace za ta tafi a can ma, ga wahalar ƙaura ka ƙara wa kanka.

Matsalolin nan uku duk a mashiga ɗaya suke, wato yadda kod ɗinka yake magana da rumbun. Wadda ta hana ka barci ita ce ta jinkiri. Wadda ta fi ɗaga min hankali ita ce ta Asma'u, kuma in da ni ne ita zan gyara a daren yau. Amma bari in fara da jinkirin, tunda shi mai makaranta yake gani.

Abin da "Too many connections" yake faɗa

Duk sanda wani ya buɗe shafinka, PHP, yaren da ka rubuta shafin da shi, yana buɗe haɗi da rumbun, ya aika tambayoyinsa, ya karɓi amsa, in ya gama haɗin ya rufu. MySQL yana da iyakar haɗin da zai riƙe lokaci guda, in ba a taɓa saitin ba 151 ne. A hostin na haɗaka gidan haya kake, kai da wasu da yawa, don haka masu gida sukan yanka wa kowa kasonsa. Lambar kuskuren tana bambance maka: 1203 ko 1226 na nufin kai ne ka cinye naka kason, 1040 kuwa, wadda kalmominta ka gani, na nufin sabar ce gaba ɗaya ta cika. Ba mamaki ranar ka haɗa har da maƙwabtanka ka jefa cikin duhu, kuma irin wannan ne ke sa masu hostin su dakatar da asusun mutum ba sallama.

Mutane da yawa suna ganin saƙon nan sai su ce baƙi ne suka yi yawa. Ka tuna teburin mai shayi. Benci yana ɗaukar mutum goma. In kowa ya sha ya tashi cikin minti biyar, unguwa guda za ta karya a wurin ba wanda ya tsaya a tsaye. In kuwa mai shayin ya koma yin rabin awa a kan suyar ƙwai ɗaya, bencin zai cika ko da masu zuwa ba su ƙaru ba. A ce iyaye goma ne suke buɗe shafin a kowace daƙiƙa. In shafi yana gamawa cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, da wuya ka ga haɗi biyu a buɗe tare. In yana yin daƙiƙa 20, haɗi 200 ke nan, ka wuce 151 tuni. Abin da ke ƙara dagula shi, uban da ya gaji da jira zai sake danna shafin, ya buɗe sabon haɗi, tambayarsa ta farko kuma tana can tana gudu a cikin MySQL ba wanda ya tsayar da ita. Don haka ƙara benci ba ya soya ƙwai. Abin nema shi ne me ya sa kowane shafi yake daɗewa.

Dalilin da ya sa ba ka gani a laftof kuwa a fili yake: ina kyautata zaton ɗalibai 20 ko 30 na gwaji ka zuba, kuma kai kaɗai kake dannawa. In da XAMPP, kayan da ke mai da laftof sabar gwaji, kake aiki ma, abin da ke ciki MariaDB ne, ɗan'uwan MySQL amma ba shi ba, don haka ka buga SELECT VERSION() a laftof da kuma a sabar ka san da wa kake magana a kowane ɓangare. Sannan ka sauko da kwafin ainihin bayanan makarantar ka yi gwaji da shi. Ka sauya sunaye da lambobin wayar iyaye kafin ka bar shi a na'urarka. Bayanan yara ne, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Ka bar rumbun ya faɗa maka da bakinsa

Babban kuskuren da nake gani wajen masu tasowa shi ne gyara da hasashe: a canja wannan, a goge wancan, ko Allah zai sa a dace. Alhali rumbun a shirye yake ya nuna maka inda ke masa ciwo. Lokacin da shafin yake jan ƙafa, ka shiga phpMyAdmin, shafin da ake sarrafa rumbun ta cikinsa, ka buga SHOW FULL PROCESSLIST. A gidan haya naka haɗin kaɗai za ka gani, kuma ya ishe ka. Ka dubi ginshiƙan Time da State da Info. In ka ga tambaya iri ɗaya ta jeru sau da yawa, kowace ta yi daƙiƙoƙi tana gudu, ka kama ɓarawonka. In ka ga "Waiting for table level lock", teburinka na MyISAM ne, tsohon salon ajiyar tebur a MySQL, wanda ke kulle tebur gaba ɗaya duk sanda ake rubutu a cikinsa, wato malami ɗaya yana gyara makin lissafi iyaye duka su tsaya a ƙofa. InnoDB, mai kulle layin da ake taɓawa kaɗai, ya zama na asali tun MySQL 5.5 a 2010, amma tsofaffin darussan intanet da ake kwafa suna nan ɗauke da ENGINE=MyISAM. SHOW TABLE STATUS zai nuna maka, ALTER TABLE maki ENGINE=InnoDB kuma ya gyara. In kuwa yawancinsu "Sleep" suke, rumbun zaune yake yana jiran PHP, wanda ya buɗe haɗi ya tafi wata hidimar, kamar haɗa PDF ko jiran kamfanin tura SMS ya amsa.

A laftof kana da iko da komai, sai ka kunna slow_query_log, wato kundin tambayoyi masu jinkiri. Ka lura, long_query_time yana zuwa ne a kan daƙiƙa 10, wato duk tambayar da ba ta kai haka ba ba za a rubuta ta ba. Ka sauko da shi zuwa 0.2. Akwai kuma hanyar talaka wadda har yau nake amfani da ita: ka sa microtime(true) kafin kowace tambaya da bayanta, ka rubuta bambancin a fayil, ka kuma ƙirga tambaya nawa shafi ɗaya yake aikawa. Wannan ƙidayar ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Tambayar da ka kama, ka sa mata EXPLAIN a gaba ka sake bugawa, rumbun zai nuna maka yadda yake nemo amsarta. Abu uku za ka duba. In type ya ce ALL, key ya ce NULL, rows kuma ya nuna dubbai, to rumbun yana karanta teburin ne daga farko har ƙarshe don ya nemo layi 15 na yaro ɗaya. Kamar a aiki malami ya nemo takardar ɗalibi ɗaya a buhun da aka zuba takardun makaranta duka. Maganinsa fihirisa, irin wadda ke bayan littafi tana gaya maka shafin da za ka buɗe:

CREATE INDEX idx_maki_dalibi ON maki (dalibi_id, shekara, zango);

Jerin ginshiƙan yana da muhimmanci, domin daga hagu ake karanta fihirisa. Wannan za ta yi wa tambayar da ta ambaci dalibi_id aiki, ko shi kaɗai ko tare da sauran, amma tambayar da ta nemi zango kawai ba za ta amfana da ita yadda kake so ba. Shafin malamai da ke jawo aji guda yana buƙatar tasa daban, wadda ta fara da aji. Kada kuma daɗi ya ɗebe ka ka sa wa kowane ginshiƙi fihirisa, domin kowace ɗaya sai an sabunta ta duk sanda aka shigar da maki.

Wani lokaci fihirisar tana nan amma rumbun ya ƙi taɓa ta, kuma laifin na marubucin tambayar ne. LIKE '%Musa%' ba ya bin fihirisa, saboda ba a san harafin farko ba. Nannaɗe ginshiƙi cikin aiki, kamar YEAR(rana) = 2024, shi ma haka, gara ka ce rana ta kama daga 1 ga Janairu zuwa ƙasa da 1 ga Janairun shekara mai bi. Wanda ya fi ɓuya shi ne lambar shiga makaranta da aka ajiye a VARCHAR, sannan aka tambaye ta babu alamar zance, kamar lamba = 20451. A nan MySQL sai ya mai da kowane layi lamba kafin ya kwatanta, fihirisa ta zama ado. Tunda an zo kan lambobi, ka leƙa ginshiƙin wayar iyaye. In INT ne, sifilin farko zai faɗi, kuma tunda INT ba ya wuce 2,147,483,647, a sabar da ba a tsaurara saitinta ba za ka tarar duk iyayen makarantar wannan lambar ce wayarsu. Lambar waya rubutu ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta.

Wanda na fi zargi: matsayi a aji

Ban ga kod ɗinka ba, don haka wannan zato ne na wanda ya ga irinsa sau da yawa. Takardar sakamako a makarantunmu ba ta cika sai an rubuta yaro ya zo na nawa a aji, wasu makarantun ma har na nawa a kowane darasi, da makin da ya fi yawa da matsakaici. Yadda mai koyo yakan rubuta shi: in uba ya buɗe sakamakon ɗansa, kod ya jawo sunayen 'yan ajin duka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar rumbu makin kowa a kowane darasi, ya tara, ya jera, ya ciro matsayin yaro ɗaya, ya zubar da sauran. Aji mai yara 60 da darasi 15, tambaya 900 ke nan don shafi ɗaya. Uba na gaba ya zo, a sake daga farko.

An taɓa kirana kan irin wannan a wata makaranta. Na kunna kundin tambayoyi masu jinkiri na zauna ina jira, ya fito fayau babu komai, domin kowace tambaya ita kaɗai tana gamawa nan take. Na yi kusan yini ina zargin sabar, har na fara rubuta wa masu hostin ƙorafi, sai da na ƙirga tambayoyin shafi ɗaya na ga sun haura dubu. Kunya ta kama ni, na goge wasiƙar. Tun daga ranar, ƙidaya nake fara yi kafin awon lokaci. Shafin sakamako mai lafiya bai kamata ya wuce tambaya biyar ko shida ba.

Gyaran mataki biyu ne, na biyun ya fi na farko. Na farko, ka daina sa tambaya a cikin madauki. Tara maki aikin rumbu ne, SUM da GROUP BY za su ba ka jimlar kowane yaro a tambaya ɗaya. In sabar tana da MySQL 8.0, wanda ya fito a 2018, ko MariaDB 10.2 zuwa sama, RANK() OVER (PARTITION BY aji ORDER BY jimla DESC) zai ba ka matsayin kai tsaye. Ka tambayi makarantar yadda take yi da kunnen doki: in yara biyu suka zo na biyu, mai bi musu na huɗu ne ko na uku? RANK na huɗu zai ba shi, DENSE_RANK na uku. Kada ka yanke wannan da kanka, iyaye suna rigima a kansa.

Na biyu, ka tambayi kanka me ya sa ake lissafin ma a lokacin dubawa. Sakamako ba ya canjawa bayan shugaban makaranta ya sa hannu. Ka yi maɓalli ɗaya a ɓangaren hukuma, "kammala sakamako", wanda zai yi lissafin aji sau ɗaya ya zuba jimla da matsakaici da matsayi a wani tebur na taƙaitawa. Shafin iyaye karatu kawai zai yi, layi ɗaya daga can, layi 15 daga teburin maki. In an gyara makin wani daga baya, a sake danna maɓallin don ajinsa kaɗai. Haka PDF ɗin: a haɗa shi sau ɗaya a ajiye a matsayin fayil a wurin da sai an shiga da izini ake kaiwa. Hotunan fasfo na yara kuma, in a cikin teburin ɗalibai ka cusa su kana jawowa da SELECT *, ka fitar da su zuwa fayil ka bar sunan fayil ɗin kawai a rumbu.

Asma'u da Mu'azu

Alhamzar da ke sunan Asma'u ita ce dai alamar da SQL, yaren da ake tambayar rumbu da shi, yake buɗe rubutu da rufe shi da ita. Kod ɗinka yana manna abin da aka rubuta a fom kai tsaye cikin tambaya, sai ta zama VALUES ('Asma'u'). Rumbun ya karanta Asma, ya ga an rufe, ya ci karo da u da wata alhamza a yashe, ya ba ka kuskure 1064. Yadda ka bi, cire alhamzar, ɓata sunan yarinya ne a takardar da za ta riƙe shekaru, kuma bai rufe ƙofar ba. Abin da sunanta ya tona shi ne duk wanda ya rubuta wani abu a fom ɗinka yana iya sauya ma'anar tambayarka. Yaro ɗan SS2 mai wayo ya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin lambar sirri, sharaɗin ya zama gaskiya kullum, ya shiga ba da kati ba. Wanda ya fi shi sani zai kwashe teburin iyaye, ko ya shiga a matsayin malami ya gyara wa kansa maki. Kada ka ga kamar ƙananan shafuka kaɗai abin ke ci: ta wannan ƙofar aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000.

Magani ɗaya ne, shiryayyar tambaya, inda ake aika tsarin tambayar daban, bayanan daban, ba sa cakuɗuwa:

$s = $pdo->prepare("INSERT INTO dalibai (suna, aji) VALUES (?, ?)");
$s->execute([$suna, $aji]);

Ka bi kod ɗinka fayil-fayil, duk inda ka ga an saka $_POST ko $_GET a cikin tambaya ka mai da shi haka. Kada ka yarda da addslashes, faci ne. In za ka nuna sunan a shafi kuma ka bi da shi ta htmlspecialchars. Shafin da iyaye ke dubawa ka buɗe masa mai amfani na rumbu daban wanda SELECT kaɗai aka ba shi a kan teburan maki, ko an fasa ba za a iya rubutu ba. Kuma yadda iyaye suka ga saƙon MySQL ɓaro-ɓaro ya nuna display_errors a kunne yake a sabar. Ka kashe shi ka tura kurakurai zuwa kundi, domin irin saƙonnin nan suna fallasa hanyar fayilolinka, wani lokaci har da sunan mai amfani na rumbun.

Wani ƙaramin abu da zai cije ka nan gaba: alhamza ba ɗaya ba ce a kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da Word da wasu wayoyi suke sakawa da kansu. A ido kusan ɗaya suke, a wurin rumbu haruffa ne daban, sai a nemi Sa'adatu a ce babu ita alhali tana nan. Ka mai da su duka iri ɗaya kafin ajiya da kafin nema.

Ɗanjuma da Baƙo

A nan albishir zan yi maka: tunda BaÆ™o kake gani ba Ba?o ba, bayananka ba su salwanta ba. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. In wani a hanya ya karanta su da tsarin latin1, sai ya ɗauki kowanne harafi ne mai zaman kansa, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka Ɗ, wato C6 8A, yake zama ÆŠ. Bayit ɗin suna nan, gurguwar fassara aka yi musu. Alamar tambaya ce mugun labari in a cikin rumbun take, domin tana nufin an tura harafin cikin ginshiƙin da ba shi da gurbinsa, ya jefar da shi, sai dai a sake bugawa da hannu.

Wurare huɗu ne sai bakinsu ya zo ɗaya: shafin HTML, haɗin PHP da rumbu, ginshiƙin tebur, da fayil ɗin da aka shigo da sunaye daga ciki in daga Excel aka kwaso. Wanda aka fi mantawa shi ne haɗin. Kafin MySQL 8.0 latin1 ne tsarin asali, kuma sabobin haya da yawa suna nan a kan tsohon saiti. Ka sa charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO, wato hanyar da PHP ke bi ya yi magana da rumbu, ko mysqli_set_charset in da mysqli kake aiki. Ka lura utf8mb4 na ce. Abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kaɗai yake ɗauka. Ya ishi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, har da alamar ₦, amma ranar da malama ta sa emoji a sharhin ɗalibi zai tuɓure.

Kafin ka taɓa tsofaffin bayanan, ka gano halin da suke ciki da SELECT suna, HEX(suna) a kan Baƙo. In ka ga C699 kuma ginshiƙin utf8 ne, ajiyar lafiya take, wajen nunawa ne matsalar, gyaran haɗi da shafi ya wadatar. In ka ga C699 amma ginshiƙin latin1 ne, kada ka yi CONVERT TO kai tsaye, zai dawwamar da ɓarnar. Ka fara mai da ginshiƙin VARBINARY, sannan ka mai da shi VARCHAR na utf8mb4, don a sauya lakabin ba tare da an taɓa bayit ɗin ba. In kuwa ka ga C386E284A2, an yi masa lulluɓi biyu ke nan, Æ da ™ ɗin ne aka ajiye a matsayin haruffa na gaskiya, sai an kware layi ɗaya: a mai da shi latin1, a ɗauke shi a matsayin bayit, a sake karanta shi da utf8mb4. Wannan na ƙarshen a kan layukan da suka lalace kaɗai ake yinsa, in ka haɗa da masu lafiya ka lalata su. A tsohuwar sabar kuma kana iya cin karo da kuskure 1071 mai cewa mabuɗi ya wuce bayit 767, sai ka rage ginshiƙin da ke da fihirisa zuwa harafi 191.

Bayan an gyara, ka gwada SELECT 'ɗ' = 'd' a sabar taka. In ya ba ka 0, sakataren da ya buga Danjuma ba zai sami Ɗanjuma ba, kuma yawancin mutanenmu ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya. Ni nakan ƙara ginshiƙi na nema kawai, inda nake ajiye sunan da ƙananan haruffa, babu ƙugiya babu alhamza, in yi wa abin da aka buga irin wannan wankin kafin in kwatanta. Hakan yana kuma haɗa 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar, in akwai yaran da suka zo da takardu daga Maraɗi ko Damagaram.

Duk ALTER ɗin da na ambata, kada ka buga ko ɗaya a sabar makaranta sai ka ɗauki kwafi da mysqldump ko ta Export na phpMyAdmin, ka kuma loda kwafin a laftof ka ga ya tashi da idonka. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja kod ɗinsu, ya goge rumbun da ake aiki da shi bisa kuskure, da aka juya ga hanyoyin ajiyar da aka dogara da su sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Su ma ƙwararru ke nan.

In ka gama, ka gwada nauyi a laftof da ab, ƙaramin kayan gwajin da ke zuwa da Apache: ab -n 500 -c 30 sai adireshin shafin, wato buƙata 500, talatin a lokaci guda. Ka gwada kafin gyara da bayansa don ka sami lambobin da za ka nuna wa mai makaranta. Kada ka harba shi kan hostin na haya, za su ɗauka hari ne. Ka kuma roƙi makarantar ta riƙa sakin sakamako aji-aji, 'yan JSS da safe, 'yan SS da yamma, wannan ko sisi ba ya ci.

VPS yana da ranarsa. In shafi ya koma tambaya biyar, EXPLAIN ya daina cewa ALL, amma har yanzu kana cin karo da 1203 ko maƙwabta suna cika muku sabar, ko ka ɗauki makarantu biyar a kan tsarin, to ka tashi daga gidan haya. Ka dai sani ranar kai ne mai gadi kai ne mai shara: sabunta tsarin, katangar tsaro, kwafin ajiya na kullum, da ɗaga innodb_buffer_pool_size daga MB 128 da yake zuwa da shi, duk a wuyanka. Abin da ba zan iya gani daga nan ba shi ne kod ɗin da kuma kason da masu hostin suka yanka maka. Ka turo min sakamakon EXPLAIN na tambayar shafin sakamako, da adadin tambayoyin da shafi ɗaya yake aikawa, da HEX na sunan Baƙo, ka share sunayen yaran kafin ka turo.